Yadda Ake Sussukar Kawuna Don Kada Raƙuminka Ya Bar Dakoro

Kai mai dabbar da gari ya sa wa ido, matso kusa, darasin nan naka ne. Zan koya maka dabarar da ake ce wa sussukar kawuna. A tara mutane, kowa ya zazzage abin da ke cikin kansa a yi tsibi, a sussuke, a shiƙe, sannan a ɗauki shawarar da ba ta taɓa dukiyarka ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, dabbarka ba za ta bar gari ba. Babu ƙila a ciki. An gwada an gani, kuma wanda ya gwada yana nan da ransa: Elhaji Na'Allah, falken hatsi na nan Dakoro. Da shi za mu yi misali tun daga farko har ƙarshe.

Ga yadda abin ya same shi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, bayan kaka, kwamanda mai mulkin gari ya aiko gardinsa Sallau, wato ɗan sandansa, cikin kasuwa da saƙo: wani babba zai zo daga Yamai ranar bikin ƙasa, fatake da ƴan kasuwa su haɗu su fito da kyautar da za ta fitar da Dakoro kunya. Sallau bai rufe baki ba kowa ya san kyautar. A ƙasar nan raƙumi ake ba babban baƙo, kuma in ana maganar raƙumi, guda ne a garin: Ɗan Tagriss, amalen Na'Allah, fari sol kamar an wanke shi da nono.

To Na'Allah yana son raƙumin nan, so na gaske, ba irin na mai dukiya da dukiyarsa ba. Da hannunsa yake ba shi dabino. Shi yake fara ba labarin kasuwa kafin mutanen gida. Wata shekara zazzaɓi ya kama shi a hanyar dawowa daga Jibiya, ya kife a kan sirdi bai san inda kansa yake ba, raƙumin ya kawo shi har ƙofar gida ba wanda ya ja akala. Wannan ne ake so a miƙa wa wani mutumin Yamai da ko sunansa ba a sani ba. Ya kuma san in ya ce a'a da bakinsa, ya gama cin kasuwa a Dakoro, marowaci zai zama sunansa har jikoki.

Sai ya tuna da wani kwami na Maradi, malamin biro, wato ofishin gwamnati, da ya taɓa ba shi labarin yadda Nasaran da ya koya masa aiki ke tatsar sababbin dabaru daga kawunan mutane. Lokacin Na'Allah ya saurara ne kawai don a sa masa hannu a takarda da wuri. Ashe ranar amfaninta na tafe.

Mataki na 1: Riga kowa kiran taron

Wanda ya kira taro shi ke da tambaya, kuma tambayar ce za ta cece ka ko ta kashe ka. Kada ka kuskura ka ce, "Me za mu ba baƙo?" Amsar wannan tana ɗaure a bayan gidanka tana tuƙa. Ka ce, "Wane sabon abu za mu yi wanda ba a taɓa yi ba daga Maradi har Tawa?" Ka yi ta nanata sabo. Sabuwar ƙasa, sabuwar tuta, sabuwar kyauta. Ka jefa, kamar ba da gangan ba, cewa ba da dabba al'adar zamanin Nasara ce.

Na'Allah ya yi duk wannan. Inda ya yi sake, ya kira taron a ƙofar gidansa ƙarƙashin gawo, ya ɗaure raƙumin a bayan danga don kada a gan shi. Ya manta dangar ta fi mutum tsawo, amma ba ta kai wuyan raƙumi ba. Tun kafin a shimfiɗa tabarmi Ɗan Tagriss ya ɗora haɓa a kan danga, shi ne farkon wanda ya halarci taron.

Mataki na 2: Zaɓo kawunan da ba su yi kama da juna ba

In ka tara fatake zalla, shawarar fatake za ka samu, ita kuwa kake gudu. Nemo mutanen da sana'arsu ta yi nisa da raƙumi. Na'Allah ya gayyato Baba Mainassara marini, tsohon da hannuwansa suka yi shuɗi har gwiwa, wanda a wurinsa babu matsalar duniya da rini ba ya magani. Ya gayyato Goggo Hadizatu, shugabar mata masu fura. Ya gayyato Sallau gardi don ya kai wa kwamanda labari ana aiki. Sauran tabarmin ya cika su da dattawan kasuwa masu son shayi.

Kada ka gayyaci taubashinka. Zai zo, amma dai kada a ce kai ka kira shi. Na Na'Allah sunansa Cindo, ɗan kawunsa, dillalin raƙuma, mutumin da wasan taubasai ya ba izinin faɗin duk abin da ya ga dama ba mai cewa ya yi rashin kunya. Ya iso ana zuba finjalin farko, ya gaida kowa, sannan ya juya ya gaida raƙumin a kan danga, ya tambaye shi ko ya gama shirin tafiya Yamai.

Mataki na 3: Ajiye girma a bakin tabarma

A zauna da'ira, ba gaba ba baya. Ka sanar cewa yau babu babba babu ƙarami, kowa ya faɗi abin da ya zo masa. Wannan shi ne mataki mafi wuya a Dakoro, inda ba mai buɗe baki kafin dattijo, in dattijo ya buɗe kuma magana ta ƙare.

Na'Allah ya sanar. Aka yi shiru. Wani ya sake tambayar na kusa da shi ina gajiya. Gaisuwa ta sake zagayawa, aka tambayi gida, aka tambayi dabbobi, aka koma shiru. Kowa na satar kallon Baba Mainassara, wanda ya fi kowa shekaru. Can tsohon ya kurɓi shayi ya ce, "A rina wani abu."

"Haka ne," in ji taron gaba ɗaya. Wani har ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

"Ku dakata, jama'a," in ji Na'Allah. "Wagga shawara guda ce. Tsibi muke so."

"Baba ya yi magana, Elhaji," in ji Goggo Hadizatu.

"Ya yi, Goggo, Allah shi ƙara mishi lafiya. Yanzu ke ma ki yi."

"Bisa maganar Baba?"

"Gefenta."

Goggo ta dubi tsohon, tsohon ya ɗaga mata shuɗin hannu alamar ya yafe. Daga nan ne bakuna suka fara motsi.

Mataki na 4: Haramta kushe, amma ka ajiye dabino kusa

Babbar dokar sussuka ita ce ba a kushe shawara, kome wautarta, domin mutum in an yi masa dariya sau ɗaya ya rufe rumbun kansa ke nan. Ka faɗi dokar da ƙarfi kowa ya ji. Sai dai ka sani, dokar ba ta san wanda ya kafa ta ba.

"Kowace iri?" in ji Cindo.

"Kowace iri."

"Ba a hana mutum?"

"Ba a hanawa."

"To ni dai, bawana, ina hangen wani abu fari bisa danga..."

A daidai nan Na'Allah ya kai hannu cikin faifai ya damƙo busasshen dabino, irin mai taurin tsakuwa, ya cika wa Cindo tafi ya ce, "Ci, taubashi, ka sha hanya." Gidan Cindo bayan masallaci yake, ga shi nan ana hange. Amma ba a mayar da kyauta a gaban mutane, ba a kuma magana da abinci a baki gaban dattawa. Ka lura da kyau: ba a kushe shawararsa ba, ba a hana shi ba. Karrama shi aka yi. Duk lokacin da ya buɗe baki ka sake karrama shi.

Mataki na 5: Nemi yawa, kyau ya jira

Kada ka tsaya auna ingancin shawara. Yawa kake nema, don wadda kake tsoro ta nutse a cikin tsibi. Ga yadda ake riƙe su kada su ɓace: duk wanda ya kawo shawara ya cire takalmi ɗaya ya ajiye a tsakiyar da'ira, takalmin ya tsaya a madadinta.

Goggo Hadizatu ce ta fara. Ta ce a dama fura cikin ƙwaryar da ta fi kowace girma a ƙasar, wadda sai baƙo ya yi ɗage kafin ya ga abin da ke ciki. Ta ajiye takalmi. Wani dattijo ya ce a ba baƙon rijiya sukutum, ta bakin kasuwa, mai ruwan daɗi. Wani ya fara tambayar yadda za a kai ta Yamai, Na'Allah ya tsawatar, ba a kushewa. Sallau ya ce a koya wa jakunan kasuwa tafiyar soja, su wuce gaban baƙo a jere. Wani ya ce a gina ƙofa da dammunan hatsi zalla. Wani ya ce a kamo jimina a sa mata hula. Wani ya ce a roƙi Allah a yi ɗan yayyafi ranar, don baƙo ya ɗauka a Dakoro har rani damina ce. Cindo ya haɗiye, ya samu sarari, ya ce a ba baƙon Na'Allah kansa, tun da cinsa kaɗan ne kuma ya san hanya. Aka karɓi takalminsa, aka karrama shi.

Kafin azahar, mutanen da ba su iya buɗe baki da safe ba sun koma ƙwace magana a bakin juna. Takalma suka ƙare. Wani ya tashi ya je gida ya ɗauko na matarsa. Inuwar gawo ta matsa, dattawa na ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya a kan rairayi mai zafi, ba mai son tashi. Na'Allah ya dubi tsibin takalman ya ji daɗi har cikin ransa, domin babu ko ɗaya mai tozo a ciki.

Mataki na 6: Sa wani ya zama baƙon, kuma kada ka yi bincike

Don a ga yadda shawarwari za su sauka a idon mai karɓa, a ɗora wani a kan turmi a ce shi ne baƙo. An ɗora Sallau, aka aro masa hular Na'Allah. Ya harɗe ƙafa, ya ce a ƙaro shayi, ya ce rijiya ta yi, jimina ta yi, fura a fara kawo ta yanzu a gani. Daga baya da ƙyar aka sauke shi, hular kuwa sai da kwamanda ya sa baki.

Goggo Hadizatu, wadda ba ta da haƙurin wasa, ta ce, "Elhaji, wanga baƙon turmi bai san kome ba. An ce na gasken gari-gari yake bi. A tambayi masu zuwa daga kudu mana, mi anka ba shi, shi kuma mi ya yi da shi?"

Kul. In aka kawo maka irin wannan, ka kashe ta da murmushi. Ka san abin da aka ba shi, ba ka bukatar wani ya zo ya faɗa a gaban mutane. Na'Allah ya ce, "Goggo, mu Dakoro ba mu kwaikwayo, mu ake kwaikwaya." Dattawa suka gyaɗa kai, maganar ta wuce. Ka riƙe wannan wurin a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na 7: Juya tambayar

Masana sussuka sun ce in kawuna sun fara bushewa, ka tambaye su akasin abin da kake nema. Maimakon me zai fitar da mu kunya, ka ce me zai fi ba mu kunya. Na'Allah ya tambaya. Goggo ta ce fura ta yi tsami. Sallau ya ce jaki ya yi kuka ana tsakiyar jawabi. Ana ta dariya, ba wanda ya lura wani ya janye faifan dabino nesa da hannun Na'Allah.

"Ni abin da za shi ba mu kunya," in ji Cindo, "shi ne baƙo shi ji labari tun Yamai cewa Dakoro na da raƙumin da babu irinshi, shi zo, a miƙa mishi jimina da hula."

Dariya ta ɗauke. Kawuna suka juya wajen danga. Ɗan Tagriss ya dube su ɗaya bayan ɗaya yana tuƙa, da dogon gashin idonsa, kyakkyawa abin haushi. Na'Allah ya kai hannu neman dabino, ya tarar faifan ya yi nisa. Shawarata a nan, in kana da taubashi ka tsallake wannan mataki. Na sa shi ne don kada a ce darasin bai cika ba.

Mataki na 8: Ɗaura wa shawarwari aure

Da sauri, kafin shirun ya yi tsawo, ka ce a haɗa takalma a ga abin da za su haifa. Na'Allah ya yi haka don ya janye idanu daga danga, kuma da farko abin ya yi. Aka haɗa furar Goggo da jakin Sallau: dabba ta ɗauko ƙwaryar tana tafiyar soja. Aka jawo ƙofar hatsi: ta shigo ta ƙarƙashinta. Takalmin Baba Mainassara na gefe shi kaɗai tun safe, ba a san abin da za a rina ba. Sai tsohon ya nuna sabuwar tutar da ke kaɗawa can a kan biron kwamanda.

"Dabbar za a rina," ya ce. "Sama ruwan lemo, ƙasa tsanwa, tsaka fari da rana a ciki. Tuta mai tafiya da ƙafafunta. Ina da lalle, ina da shuni da rawaya. Fari ne ba ni da shi, ba a rina fari. Sai dabbar ta zo da abinta."

"Jaki toka-toka ne," in ji Sallau.

"Rago ba shi ɗaukar ƙwaryata," in ji Goggo.

Cindo an sake karrama shi, bakinsa cike yake. Da ɗan yatsa ya nuna raƙumin kan danga.

Na'Allah ya so ya ce wannan wauta ce, amma shi ya kafa dokar. Ya ce madalla, shawara ce kamar sauran, a tura takalman gefe guda. A ransa ya ce wajen zaɓe zai binne ta, ai rijiya na da magoya baya.

Mataki na 9: Shiƙa

Yanzu a raba tsaba da ƙaiƙayi. Kada a ɗaga hannu, don kowa zai jira hannun dattijo. A yi da ƙwallon dabino: kowa ya jefa ƙwallayen da ke gabansa cikin takalmin da ya fi so, wanda ya fi cika ya ci. Hanya ce mai adalci. Abin da ya kamata ka duba kafin ka sanar da ita shi ne wa ya fi kowa cin dabino.

Dattawa, da sauran haƙoransu kaɗan, kowa ƴan ƙwallaye ne a gabansa, kuma yawancinsu rijiya suka ba. Na'Allah, da tashin hankali ya hana shi sa ko ɗaya a baki, sai roƙo ya yi wajen maƙwabci. Sannan Cindo ya tashi, ya tattaro bakin rigarsa da hannu biyu kamar mai ɗibar gyaɗa, ya zo ya zazzage. Takalmin Baba Mainassara ya cika ya tumbatsa, ƙwallaye suka gangara har ƙarƙashin tabarma.

"Karramawarka ce, bawana," ya ce. "Ban zubar da ko guda ba."

Na'Allah ya miƙe ya ce a shaida, aro ne ba kyauta ba, kyautar baƙo fura ce, raƙumi ɗan dako ne kawai. Aka ce an shaida, aka shafa fatiha, kowa ya shiga neman takalminsa. Da ya kwana da abin ma sai ya hango alheri a ciki. Wane babban mutum ne zai yi sha'awar raƙumi mai tsanwan ƙafafu? Ya tashi yana jin ya fi kowa wayo a Dakoro.

Mataki na 10: Aiwatar, amma kada ka dubi idon dabbar

Aka kai Ɗan Tagriss marina. Aka lafta masa lalle daga wuya zuwa tozo har gadon baya, aka kifa faifai a haƙarƙarinsa dama da hagu aka zana rana, aka jiƙa ciki da ƙafafu da shuni da rawaya. Ya tofa wa Baba Mainassara abin da ke cikinsa, tsohon ya goge ya duba ya ce wannan ma launi ne. Na'Allah na riƙe da akala yana ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa, yana cewa na ɗan lokaci ne, don kada a raba mu ne. Ya ji tausayinsa har ya kau da kai. Ya tambayi marinin yaushe zai fita.

"Aikina ba shi fita, Elhaji," in ji tsohon, ransa a ɗan ɓace. "Sai dai gashin shi zuba da bazara."

Tafiyar soja kuwa Sallau ya yi iya ƙoƙarinsa. Raƙumi ya ci gaba da tafiyar raƙumi, aka ce ta yi.

Mataki na 11: Ranar bikin, riƙe akala da kyau

Motar baƙo ta iso da hantsi. Mutum ne siriri mai tabarau, da alamar gajiyar wanda ya sha jawabai gari-gari. Aka zaunar da shi gaban biro tare da kwamanda. Aka kaɗa ganguna, sai ga Na'Allah ya jawo Ɗan Tagriss ta ƙarƙashin ƙofar hatsi, ƙwaryar Goggo ɗaure a kan tozo. Raƙumin ya tsaya ya ci wani sashe na ƙofar, sannan ya ƙaraso a hankali, ruwan lemo a sama, tsanwa a ƙasa, rana a tsakiya tana motsi duk lokacin da ya ja numfashi.

Baƙo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya miƙe tsaye, ya haɗa dugadugai, ya ƙame, ya sara wa raƙumin. Kwamanda ya zabura ya sara. Sallau ya daka tsawa, "Gardabu!", ƴan'uwansa masu kaki suka ƙame. Na'Allah da ya ga kowa ya sara, shi ma ya saki akala ya sara.

Sannan baƙo ya yi jawabi, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce duk garin da ya bi raƙumi ake ba shi, jiya ma a Birnin Lalle an ba shi, shi kuwa godiya yake yi ya mayar wa mai shi nan take, domin motarsa ba ta ɗaukar raƙumi, gidansa na Yamai kuma ba shi da garke. Da raƙumi Dakoro ta ba shi, da yanzu mai shi ya ja abinsa gida. Goggo Hadizatu ta juyo ta dubi Na'Allah. Amma, in ji baƙo, Dakoro ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi, ta ba ƙasa tuta mai rai. Tuta kuwa ba ta kwana a gidan mutum guda. Za ta tsaya nan gaban biro, ba mai hawanta, ba mai ɗora mata kaya, kuma kada cikinta ya taɓa ƙasa sai an shimfiɗa tabarma.

"Ranka shi daɗe," in ji Na'Allah, "aro ne. Da shaidu."

"Na ji, Elhaji," in ji baƙo, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Ƙasa ta ara, kuma ƙasa ba za ta manta da kai ba. Wa ya fi sanin cimarta?"

"Shi," in ji Cindo.

Nan take aka ɗora wa Na'Allah ciyar da tuta daga rumbunsa. Furar kuma an sha, ta yi daɗi.

Mataki na 12: Jira bazara

Ka yi haƙuri, gashi zai zuba. Na'Allah ya jira. Kullum da safe ya zo da dabino a aljihu, Sallau ya sa shi ya ƙame ya sara kafin ya matsa kusa. Raƙumin ba ya jin maganar kowa sai tasa, don haka shi ke tada tuta da safe, da yamma kuma in an busa ƙaho shi ke shimfiɗa tabarma ya lallashe ta ta gurfana. Daga nan sai ya zauna gefe ya ba ta labarin kasuwa. Zuwa Maradi kuwa a bayan kamyo, babbar motar kaya, yake yi yanzu, kan buhunan hatsi, kamar kowa.

Zafi ya shigo, lalle ya fara zuba guntu-guntu, fari na leƙowa ta ƙasa. Na'Allah ya fiddo sirdi ya shafa masa mai, ya sayi sabuwar akala. Kwamanda ya leƙo ta taga ya ga tuta na neman komawa raƙumi, hankalinsa ya tashi, ya ce a kira taron nan na Elhaji mai fitar da dabaru. Aka zauna ƙarƙashin gawo. Na'Allah ya zo da shirinsa, ya ci dabino tun a gida ya cika aljihu da ƙwallaye. Ya buɗe baki zai kafa doka.

"A rina," in ji Baba Mainassara.

"Haka ne," in ji taron. Aka shafa fatiha, ba wanda ya cire takalmi.

Sirdin yana nan rataye a zaure.

Wanke hannu

Alkawarin da na yi maka shi ne dabbarka ba za ta bar gari ba, kuma Ɗan Tagriss bai bar Dakoro ba, ko bakin kasuwa ba a yarda ya je ba. Ban ce za ka sake hawa ba. Takalmin da ya ɓace, haƙorin da dabino ya fasa, ƙafar da rairayi ya ƙona, da duk abin da taubashinka ya yi maka, babu ruwana, babu ruwan kwamin Maradi. In kana da ƙorafi ka kai wa Elhaji Na'Allah. Za ka same shi da yamma gaban biro, zaune a gefen tabarma yana sosa wa tuta wuya. Ka dai sara kafin ka yi sallama.